Ina Yammacin Ɗalibi Ya Tafi?



Ku zo mu yi lissafin wunin yaro ɗan aji biyu na babbar sakandare a kowane babban gari na Arewa, Kano ce, ko Zariya, ko Sakkwato, ko Gusau. Ya yi sallar asuba, ya karya in akwai abin karyawa, ya kama hanya don kada a rufe ƙofar makaranta yana waje. Yana kan benci har ƙarfe biyu. Ana tashi sai a ce masu lesin su tsaya, wato wani zaman ke nan har wajen la'asar. Ya dawo gida a guje, ya watsa ruwa, ya sauya kaya, ya rataya jakar Islamiyya, sai dab da magariba. Bayan isha'i ga jinga tana jiransa, wani ma akwai makarantar dare. Asabar da Lahadi kuma hadda. In yarinya ce, ku ƙara mata wanke-wanke da shara da raino, wata ma har da farantin talla.

Duk abin da na lissafo nan mai kyau ne, in ka cire tallar. Babu uban da zai yi nadamar ɗansa ya yi karatu. To amma a cikin wannan dogon wuni, yaushe yaron ya yi gudu har zufa ta jiƙa masa riga? Yaushe ya buɗe murya ya rera wani abu tare da tsaransa? Yaushe ya yi wa wani aiki ba don a biya shi ba, ba kuma don tsoron bulala ba? Abin da nake so mu tattauna yau ke nan: wasa da waƙa da aikin sa-kai, waɗanda ɗalibi yake yi a bayan darasi. Kuma inda zan fi matsa wa lamba shi ne yin su a kai a kai, mako bayan mako, da rana sananniya da malami sananne. In babu wannan, sauran duk ado ne.

Waɗanda suka yi makarantar kwana a da sun san abin da nake nufi. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, ta zama Kwalejin Barewa ta yau, ba a aji kaɗai ta yi renon ɗalibanta ba. Da yamma kowa yana fili, ko yana so ko ba ya so. Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya shiga kwalejin a 1926 ya fito a 1931, a nan ya ƙware a wasan fayis, ƙwallon nan da ake buga wa bango da tafin hannu, kuma bai bar wasan ba har ya zama Firimiya. Har gobe akwai dattawa da samari masu buga shi a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi. Yakubu Gowon da ya zo makarantar daga baya, shi ne mai tsaron ragar ƙungiyar ƙwallon makaranta, ɗan tsere ne, kuma ɗan damben boksin. Ba ina cewa ƙwallo ce ta ba su mulki ba, kada a yi mini mummunar fahimta. Abin da nake nunawa shi ne, masu tsara karatun wancan zamani sun ɗauki fili a matsayin wani aji, suka ba shi lokacinsa a jadawali, suka ba shi malaminsa.

Yau fa? A makarantu da yawa abin da ya rage shi ne intahaus, sau ɗaya a shekara. Saura mako biyu a fara kwashe yara daga aji ana koya musu maci. A raba su gida-gida, ja da kore da shuɗi da rawaya, a aika wa iyaye takarda a kawo kuɗin riga. Ranar biki a kafa rumfa, a ɗauko mai kiɗa da lasifika, a gayyato babban baƙo mai ba da gudummawa, a yi tseren buhu da na ƙwai a cokali, har da tseren iyaye mata don a yi dariya. Yaron da bai yi gudun mita ɗari ba tun bara, shi za a sa ya zagaye fili sau biyu da tsakar rana, ya zo ya zube ana yi masa fifita ana ɗura masa gulukos. Kashegari a naɗe tutoci a kulle a sito, sai baɗi in Allah ya kai mu. Wannan taron neman gudummawa ne da aka sa wa rigar wasanni. Jikin yaro bai ƙaru da komai ba, halinsa ma haka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa numfashi ya ɗaga a kowace rana. Wani babban bincike da masanan hukumar suka fitar a 2019 ya gano cewa kashi 81 cikin ɗari na 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa samun hakan, kuma 'yan mata sun fi samari shiga wannan sahu. Wani zai ce ai yaranmu suna tafiyar ƙasa, suna ɗiban ruwa, suna zuwa gona. Gaskiya ne a ƙauye. Amma ɗan birni da ake sakawa a Adaidaita Sahu daga ƙofar gida zuwa ƙofar makaranta, wadda ita kanta gidan haya ce mai ɗaki shida da aka mayar makaranta, tsakar gidanta ko taron asambuli ba ya ɗauka, wannan yaron zaune yake wuni.

Lafiyar jiki ma ita ce ƙaramar riba a wurina. Ku tsaya ku kalli yara suna langa, wasan da ba ya cin ko sisi, ba ƙwallo, ba takalmi, ba raga. Kowa ya kama ƙafarsa ɗaya da hannu ta baya, yana tsalle da ɗayar. A kowane ɓangare akwai ruwa, wanda shi ake so ya isa masha, sauran kuwa aikinsu su tare masa hanya su tunkuɗe masu son kayar da shi. Ku lura da yaron nan ƙaƙƙarfa wanda ya fi kowa iya tsalle. Zai iya wucewa shi kaɗai ya bar su, amma bai isa ba, domin ba shi ne ruwa ba. Dole ya tsaya ya kare wani siririn yaro da bai kai shi ƙarfi ba, ya sha kafaɗa a ƙirji saboda shi, wataƙila ma ya faɗi ƙasa ya fita daga wasan, a yi nasara yana gefe yana kakkaɓe ƙura. In aka ci su kuma, gobe sai ya dawo ya sake gaisawa da wanda ya kayar da shi. Wane darasi ne a allo zai koya masa wannan? Langa fa tana cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a Gasar Wasanni ta Ƙasa tare da dambe da kokawa, gasar da aka fara tun 1973, amma makarantu nawa ne a Arewa suke da ƙungiyar langa? A Nijar kuwa an riƙe kokawa da daraja, tun 1975 ake gasar kokawa ta ƙasa, wadda ake kira gasar Takobi, ƙasa gaba ɗaya ta tsaya tana saurare.

Akwai kuma abin da zuwa atisaye kowace Alhamis yake dasa wa yaro, wanda shi ne kan gaba a wannan sharhi. Ya san in bai zo ba, babu gola. Mutum goma za su tsaya suna jiransa, kuma gobe a aji sai ya amsa tambaya. Yaron da bai taɓa jin cewa rashinsa zai ɓata wa wasu aiki ba, shi ne zai girma ya zama ma'aikacin da ake bin ofishinsa mako guda ana cewa bai shigo ba. Hausawa sun ce yau da gobe ita ta sa allura ta gina rijiya, kuma hali ma da yau da gobe ake gina shi.

To, mu zo ga waƙa, inda na san wasu za su gyara zama. Malamanmu sun yi saɓani a kan kiɗa, kuma ni ba malami ba ne, ba zan ba da fatawa a rediyo ba. Bayan haka akwai tsohon kallon da muke yi wa sana'ar, cewa gadon maroƙa ce, ɗan mutunci ba ya riƙe kalangu. Muna son Shata, muna sa waƙarsa a mota, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988 muka yi tafi, amma ɗanmu ya ce zai koyi kiɗa sai gida ya rikice. Ɗanmaraya Jos da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya zagaya ƙasashen duniya, ya rasu a 2015, kuma da wuya ka sami makarantar sakandare ɗaya da yaro zai ga kuntigi da idonsa, balle gurmi ko garaya ko sarewa.

Amma ko mun ajiye kayan kiɗa gefe, saboda girmama ra'ayin iyayen da ba su yarda ba, ai murya tana nan. Al'ummar da ta yi karatunta da waƙa ce mu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta koyar da matan karkara addini: jagororin mata da ake kira jaji su zo su haddace, su koma ƙauyukansu su rera wa matan da suke koyarwa, wato 'yan taru. Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu da Aliyu Namangi, rubutattun waƙoƙinsu don a rera aka yi su. Yau ana koyar da wasunsu a darasin Hausa, amma ta yaya? A rubuta baiti a allo, a ce yaro ya fitar da jigo da salo da amsa-amo, ya haddace don jarrabawa, ba tare da ya taɓa jin karin waƙar a kunnensa ba. Da a ce kowace makaranta tana da ƙungiyar waƙa da take haɗuwa sau ɗaya a mako, yara su koyi rera waɗannan, su gwada tsara nasu, malamin Hausa ya gyara musu kari, da an ga abin mamaki cikin zango biyu. Yarinyar da ba ta iya ɗaga ido ta amsa tambaya a aji, in ta saba tsayawa gaban mutum talatin tana ba da waƙa ana amsa mata, ta gama da tsoron taro.

Muna da shaida a gabanmu cewa irin wannan horo yana aiki. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa a 1986, ta nuna abin da yaro zai iya in aka ba shi malami da lokaci da wurin da zai nuna abin da ya koya. Babu wanda yake ɗauko ɗalibi saura mako biyu ya ce ya je ya wakilci jiha. Shekara ake yi ana tilawa, ana gyaran numfashi da mafitar haruffa. Mun yarda da wannan tsari a can, sai muka ƙi yarda da shi a ko'ina.

Kuma kada mu ruɗi kanmu cewa in makaranta ta rufe ƙofar waƙa yaro ya daina ji. Waya tana aljihunsa, ko ta yayansa. Yana ji, yana haddacewa, yana kwaikwayo, sai dai babu babba a kusa da zai ce masa wannan baitin ya yi kyau, wancan batsa ce. Mai baiwa a cikinsu zai lallaɓa ya tara kuɗin tara ya tafi situdiyo, a ɗora masa fiyano, na'ura ta gyara masa murya, ya fito mawaƙi bai san kari ba. Sai mu zauna muna kukan waƙoƙin zamani sun lalace.

Aikin sa-kai kuwa ba baƙonmu ba ne ko kaɗan. Gayya muka gada: a taru a nome gonar mara lafiya, a yi wa tsohuwa yaɓen ɗaki kafin damina, a gyara hanyar maƙabarta. Kowane gari da sarkin samarinsa. A Nijar gwamnatin Seyni Kountché ta ɗauki samariya ta mayar da ita ƙungiya ta ƙasa, matasa suna gina azuzuwa suna dasa itatuwa. A Najeriya an kawo sikawut tun 1915, ga Red Cross wadda dokar majalisa ta kafa reshenta na ƙasa a 1960, ga 'yan agajin ƙungiyoyin addini da muke gani a filin idi da wuraren tafsiri da sansanin alhazai. Gowon ɗin nan da na ambata shi ya kafa shirin bautar ƙasa a 1973. Sai dai fa wanda ya kai shekara ashirin da wani abu bai taɓa ɗaga tsinke don wani ba, kakin bautar ƙasa ba zai sauya shi a wata goma sha biyu ba. Shi ne za ka ji yana neman wanda zai yi masa hanya a bar shi a gida.

Ku ɗauki taimakon gaggawa kawai. Yaro ya yi haɓo a aji, abin da muka saba shi ne a ce ya ɗaga kai sama, jinin ya koma maƙogwaro yana haɗiya. Ɗalibar da take zuwa taron Red Cross duk mako ta san ba haka ake yi ba. Za ta zaunar da shi, ta sa ya ɗan sunkuyar da kai gaba, ta nuna masa ya matse tattausan wurin hancinsa da yatsa biyu na tsawon minti goma yana numfashi ta baki. Ta koma gida ƙanenta ya kifar da ruwan zafi a hannu, uwa ta ruga ɗauko manja, kaka tana cewa a fasa ɗanyen ƙwai, wani yana neman man goge baki. Ita kuwa ta janye shi zuwa bakin famfo ko ta ɗauki buta, ta yi ta kwarara masa ruwa mai sanyi har kusan minti ashirin, sannan a rufe da tsumma mai tsabta a tafi asibiti. Ilimin da ya ceci fatar yaron nan ba ya cikin takardar WAEC ko NECO. Kuma ba a koyonsa da lacca ɗaya, sai hannu ya maimaita har ya saba.

Amma a nan akwai gargaɗi. Kwashe yara a kai su gonar shugaban makaranta ba sa-kai ba ne, ƙwadago ne na kyauta. Jera su a bakin titi cikin rana tun hantsi suna jiran wani babba ya wuce su ɗaga masa tuta, shi ma ba sa-kai ba ne. Aikin da nake nufi shi ne wanda yaro yake ganin wanda ya amfana da idonsa: 'yan babban aji su riƙa koya wa 'yan firamaren unguwa karatu safiyar Asabar, a dasa bishiya a ba kowane aji nasa ya shayar har ta kama, a yashe kwatar da take gaban makaranta kafin ruwan farko, da safar hannu da shebur, da babba a tsaye. Wannan babban da yake tsaye shi ne sharaɗi a duka ukun. Filin da babu malami, nan ne ɗan daba yake samun almajirai, nan ne kuma wani zai zo da alƙawarin kai yaro Turai buga ƙwallo, a sayar da gona a ba shi kuɗi ya ɓace.

'Yan mata su aka fi cuta a wannan lissafi. Tana firamare tana gaɗa, tana carafke, tana tsalle da igiya. Ta shiga sakandare sai a ce ta girma, ta zauna. Alhali babu abin da ya hana a ware musu rana, a rufe ƙofa, malama mace ta tsaya, su sa dogon wando da riga mai yalwa su yi ƙwallon hannu ko ta raga. Ko a manyan gasannin duniya an daina hana ɗaurin kai: hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta amince da shi a 2014, ta ƙwallon kwando ta bi sahu a 2017. Sutura ba hujja ba ce kuma.

Na san abin da iyaye za su ce, domin ni ma uba ne. Kuɗin makaranta ya yi tsada, kuɗin jarrabawa ya yi tsada, yaro ya je yana buga ƙwallo ya faɗi JAMB, wa gari ya waya? Tsoron yana da tushe, akwai yaran da ƙwallo ta cinye musu karatu. Amma ku bincika, yawanci ba ƙungiyar makaranta ce ta cinye su ba, ƙwallon unguwa ce da gidan kallo, inda babu mai tambayar sakamako. Ƙungiyar makaranta tana da linzami: wanda ya faɗi darasi uku ba ya buga wasan zango mai zuwa, wanda ya yi fashin aji ba ya hawa dandamali. Yaron da nasiha ba ta motsa shi, tsoron a cire shi daga jerin 'yan wasa yana sa shi ya buɗe littafi.

Lokacin kuma akwai shi. Tun kaka da kakanni makarantar allo ba ta zama Alhamis da Juma'a, kuma yawancin Islamiyyu a kan haka suke. Ga yammaci biyu ke nan a kowane mako da ba su taɓa karatun addini ba. Matsalar ita ce lesin ya mamaye su, domin lesin yana kawo kuɗi, langa ba ta kawowa. Wannan magana ce da ƙungiyar iyaye da malamai za ta iya yankewa a zama ɗaya: yammacin Alhamis na fili ne, babu lesin, yammacin Juma'a na ƙungiyar waƙa da muhawara, safiyar Asabar ɗaya ko biyu a wata ta aikin gayya. A rubuta sunan malamin da yake kula da kowanne, a ba shi ɗan alawus daga kuɗin wasannin da ake karɓa a hannun iyaye kowane zango, kuɗin da ya kamata a riƙa karanto yadda aka kashe shi a gaban taro. A ajiye rajista kamar ta aji, a sa wa abin gurbi a katin sakamako.

Makarantar da ba ta da fili ta nemi yarjejeniya da firamaren gwamnati mafi kusa, ta riƙa kai yaranta can da yamma. Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai filin yana nan, don haka masu unguwanni da tsofaffin ɗalibai su sa ido. A garuruwanmu da yawa an yanka gefen filayen makarantu an jera shaguna, kuma filin da aka zuba wa kankare ba ya dawowa. Hukumomin ilimi na jihohi, su da suke ba makarantu masu zaman kansu lasisi, su riƙa tambayar mai makaranta inda yaransa za su yi wasa da ranar da za su yi, kafin su sa hannu, sannan jami'in duba makarantu ya riƙa leƙawa ranar Alhamis da yamma ba tare da ya aiko da sanarwa ba.